GARGAƊI: Mai "gyaran salansa don rage shan mai" ya cinye min naira 185,000, ya kuma yashe cikin motata

Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, saboda wallahi kunya nake ji. Amma daren jiya na sake cin karo da tallar mutumin nan a Facebook, ya canja lambar waya, bidiyon dai shi ne, maganar ita ce: "Kawo motarka mu gyara salansa, shan mai ya ragu da rabi." Da na gani barci ya gagare ni.

Naira 185,000. Ku sake karantawa. Naira 185,000 na ɗauka da hannuna na ba mutum, a biya uku, don ya lalata min mota. Har da naira 5,000 da na ba yaransa na ce su sha ruwa, wadda ban ma sa a lissafin ba. Ita wannan 5,000 ɗin ta fi ci min rai, don godiya na yi musu da ita.

Kafin wani ya ce sakarci ne, ni ba yau na fara riƙe mota ba. Shekara 14 ina tuƙi, wannan ce motata ta uku, Corolla 2010 ƴar Kwatano, ni nake tsayawa a kan juyen baƙin mai, na san ƙarar injina kamar muryar ƴaƴana. Abin da ya kai ni kowa ya san shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 babu mai motar da bai koma lissafin lita ba. Abin da muke saye ƙasa da naira 200 muka wayi gari ya taɓa haura 1,000, ni kuma kowane mako sai na yi Kano zuwa Zariya na dawo. Wa zai ji an ce rabi bai waiwaya ba?

Kuma motata lafiyarta ƙalau na kai ta. Wannan nake so a riƙe. Babu wata fitila da ke ci a dashbod, babu jijjiga, babu hayaƙi. Shan mai kawai, shi ma ba wai ya wuce ƙa'ida ba, aljihu ne ya yi rauni.

Yadda ya kama ni shi ne abin da nake ta juyawa a raina. Ya ce a tada mota, ya kama hannuna, hannuna fa, ya kai bakin salansa ya ce, "Alhaji, ka ji? Numfashinta ba ya fita. Indomin cikin ya toshe, injin yana wahala, shi ya sa take zuƙar mai." Indomi a bakinsu shi ne matatar hayaƙi da ke cikin tukunyar salansa. Na ji iska tana fita, amma ina na san yadda ya kamata ta fita? Sai aka kira la'asar. Shi ya fara ajiye sifana ya ce, "Alhaji mu je mu ba da farali, mota amana ce, yara za su fara kwancewa." Sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗa da kafaɗa. Muna dawowa ya nuna min wani baƙin gari da ɓaraguzai a cikin kwano ya ce, "Ga abin da ke cinye maka kuɗi." Na ce Allah Ya saka da alheri. Ni na ce masa haka. Sahu ɗaya fa muka yi salla.

Yanzu na san garin nan ba daga motata ya fito ba. Kwanon nan ajiyayye ne, kowa aka kawo shi ake nuna wa. Nawa indomin lafiyayye suka yanke tukunyar suka zare shi ɗungurungum, suka mayar da walda, duk a cikin mintunan da muke masallaci da ɗan zaman da ya ja ni muka yi wajen mai shayi. Wannan aikin na farko naira 45,000.

Ga wanda bai sani ba, abin da bakanikai ke kira indomi wani farin dutse ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, yana cikin tukunyar da ke gaba a bututun salansa. Shi ke tace gubar hayaƙi kafin ta fita. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake da masu sayensa musamman, a auna a biya. Wato na biya shi 45,000 ladan ya sace min abin da zai je ya sake sayarwa. Ciniki biyu a kan wuyana.

Na tsallake wani abu. Tun kafin na je mun yi magana ta WhatsApp kusan mako guda, yana turo min muryoyin mutane suna yabonsa, wani ma har da rantsuwa. Duk suna nan, ban goge ko ɗaya ba, zan sa su. Da rasit ɗin tura kuɗi guda uku. Sunan da ke kan asusun ma ba shi ne sunan da ya faɗa min ba, ya ce na ƙaninsa ne, ni kuma ban kawo komai a raina ba, don rabin masu sana'a haka suke yi.

To, kwana biyu da aikin, ina hanyar Zariya, daidai Kwanar Ɗangora, fitilar cek, mai nuna akwai matsala a inji, ta kama. Ruwan ɗorawa, mai hoton inji. Gabana ya faɗi. Na kira shi ya ce, "Kar ka damu Alhaji, mota ce take sabawa da sabon numfashi." Sabon numfashi! Da na koma ya jona ƴar kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya girgiza kai ya ce sensa biyu masu auna hayaƙin salansa duk sun mutu, dama can indomin ne ya ɓoye laifinsu. Allah Ya sa na ɗauki hoton fuskar kwamfutar, ba don na gane komai ba, haka kawai. Abin da ta rubuta P0420. Daga baya aka fassara min: wannan lamba ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa take matatar hayaƙi ba ta aiki yadda ya kamata. Wato motar da bakinta take faɗa min an yi mata sata, ɓarawon kuma shi ne tafintana.

Naira 90,000 na sensa biyu. Ya fito da su a kwali mai rubutun Denso, ya ce ƴan asali ne. 45,000 da 90,000, mun kai 135,000.

Bari na faɗi yadda abin yake, kamar yadda wani abokin ƙanina mai aikin wayar mota ya zaunar da ni ya warware min, don da na san wannan da ba a yi haka da ni ba. Sensa biyu ne a bututun. Ta gaba, kafin tukunyar indomi, ita ke shinshinar iskar da ta rage a hayaƙi ta gaya wa biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya ƙara mai ko ya rage. Ta baya, bayan tukunyar, kusan aikinta gadi ne, tana duba ko indomin yana tacewa. In yana nan lafiya, karatunta a natse yake. In an cire shi, hayaƙin da ya wuce ta gaba shi zai iso ta baya babu canji, biren bos ya ga babu bambanci, ya kunna cek. Ko sensa ɗari ka canja fitilar nan sai ta dawo, domin ba ƙarya take yi ba. Kuma ba nan take take dawowa ba. In an goge da kwamfuta ko an cire kan batir, sai motar ta yi ƴan tafiye-tafiye ta sake gwada kanta. Wannan ratar ita ce kasuwarsu. Ka bar gareji fitila a mace kana murna, kwana biyu ta dawo, a ce wata sabuwar matsala ce.

Haka kuwa aka yi. Ta dawo, wannan karon ma tun ban kai gida ba.

Abin da ya fi muni, ta gaban a irin motata ba sensa ce gama-gari ba, wata iri ce ta daban mai auna haɗin iska da mai, ko da yake a ido duk waya huɗu ne. Shi kuma gama-garin ya ɗaura min, soket bai shiga ba, ya yanke wayoyi ya murɗa ya naɗe da salatif. Nawa na asali guda biyu, masu lafiya, da suka zo da motar, ya ce ya jefar. Jefarwa ina? Na je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na tambayi kuɗin irinsu na hannu, na dawo jikina a sanyaye.

Biya na uku shi ne 50,000, wai zai yi wa biren bos "firogiramin" ya manta da indomi gaba ɗaya. A nan ne maman yara ta ce kar na koma. Ta faɗa, ba zan ɓoye ba. Ta ce in na tada mota da safe warin ɗanyen fetur har ɗaki, idon yara yana yaji. Na ce mata an riga an shiga ruwa, a ƙarasa. Ya riƙe motar kwana ɗaya. Na karɓo ta babu cek. Mako ɗaya, wata ɗaya, wata biyu, babu cek. Har na tura masa saƙon godiya, shi ma yana nan, za ku gani ku yi min dariya.

Amma mai fa? Garin neman ƙiba na samo rama. Man da a da yake kai ni Zariya ya dawo da ni har da saura, yanzu sai na ƙara a hanya. Bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, in ka sa yatsa kamar gindin tukunya. Fulogi huɗu duk sun yi baƙi. Ƙara kuma kamar gwangwani in na taka.

Ranar da asiri ya tonu, yaron nan abokin ƙanina ya shiga motar zai gyara min rediyo. Ya murɗa makulli bai tada inji ba, ya tsaya yana kallon dashbod. Ya ce, "Yaya, ina fitilar cek ɗinka?" Na ce ai an gyara. Ya ce, "A'a Yaya, in ka murɗa makulli kafin ka tada, dole ta kama tare da ta batir da ta baƙin mai, sai inji ya tashi ta mutu. Taka ba ta kamawa sam." Ya kwance gilashin mita a gabana. Baƙin salatif ne ninki uku aka liƙa a kan fitilar ta ciki. Tana nan tana ci a ƙarƙashi, wata biyu tana ci. Firogiramin ɗin naira 50,000 ke nan. Salatif na naira nawa? Da ya jona tasa kwamfutar, lambobi suka zubo, har da P0031, ta hitar sensar gaba.

45,000, 90,000, 50,000. Naira 185,000, ban da indomina, ban da sensa biyu na asali, ban da man da na ƙona wata biyu, ban da abin da zan kashe yanzu kafin ta koma yadda take.

Na koma wajen. Rumfar tana nan, wasu ne a ciki, suka ce haya yake yi ya tashi, ba su san inda ya nufa ba. Ya toshe ni a WhatsApp. Na kai ƙara, an rubuta, an ce na jira. Ban sa sunansa a nan ba saboda an shawarce ni na bari maganar ta bi hanyarta, kuma ban ma yarda sunan da ya ba ni nasa ne ba.

In motarka ba ta kunna cek ba, kar ka bari kowa ya taɓa tukunyar salansarka. In dole ne, ka tsaya a kai, ko salla za ka yi ka kulle ta ka tafi da makulli. Duk lambar da kwamfuta ta nuna ka ɗau hotonta ka tambayi wani daban. Ka karɓi tsofaffin kayanka a hannu. Yau ɗin nan ka murɗa makulli ka ga ko fitilar tana kamawa, musamman in ta hannu ka saya.

Hotunan hirar da rasit uku da hoton salatif ɗin suna wayata, in na rufe lambobin asusu zan ɗora su da daddare. Wanda ya gane bidiyon tallar, ko shi ma aka nuna masa kwanon nan, ya yi min magana, ina tattara mu ne kafin ranar Litinin.