Sandinista! na The Clash: tuwon ya yi yawa, amma miyar ta yi daɗi

Duk wanda ya san The Clash, ƙungiyar mawaƙan Landan, da faifansu na farko na 1977, mai ihu da jita da waƙoƙin minti biyu, zai ɗauka an yi masa musanya idan ya kunna kundinsu Sandinista!. Ni na hannu na saya, faifan garmaho uku cikin kwali ɗaya, waƙa 36. A Disamba 1980 ya fito, shekara guda bayan kundinsu London Calling, da sunan 'yan juyin juya halin Nikaraguwa da suka kifar da shugaban ƙasar, Somoza, a 1979.

Waƙar farko ma, "The Magnificent Seven", gambara ce. Samarin Landan sun je New York, sun ji abin da baƙaƙen fata ke yi a unguwanninsu, mawaƙinsu Joe Strummer ya hau kiɗan yana zuba magana kan ma'aikacin da agogo ke kora wurin aiki da sassafe. A wancan lokacin, da wuya ka ji Turawa masu jita sun taɓa gambara.

Inda ya fi kama ni shi ne reggae da dub, wato a kwashe murya a bar ganga da bes suna amsa-kuwwa. Mawaƙin reggae Mikey Dread na Jamaika ya sa hannu, kuma kana jin hannun nasa. Saurari "One More Time" da dub ɗinta da ke biye da ita. Ka ɗaga sauti, tagar ɗaki har rawa take yi. Mai ganga Topper Headon ne ke riƙe da tafiyar duka. Ko jazz aka juya, ko kiɗan coci na "The Sound of Sinners", bai taɓa yin tuntuɓe ba.

Faifai na uku kuwa, sai haƙuri. "Mensforth Hill" wata waƙarsu ce aka juya ta baya, sau ɗaya ya ishe ni. Sun kuma sa yara sun rera tsohuwar waƙarsu "Career Opportunities". Abin dariya ne a karon farko, daga nan sai tsallakewa.

Sun rage kason kuɗinsu don a sayar da shi da araha, wannan kam na yaba musu. Shawarata ga sabon shiga: ya fara da London Calling, sannan ya zo nan, kada kuma ya ce zai cinye shi a zama ɗaya.