Tabo Mai Tsiro: Wane Magani Ya Cancanci Kuɗin Mutumin Karkara?

Tabo mai tsiro, wanda likitoci ke kira keloyid, yana samuwa ne idan jiki ya ci gaba da tara nama a kan ciwon da ya riga ya warke, har tabon ya zarce girman raunin da ya jawo shi. Hujin kunne, tsagar wanzami, ƙaho, ƙuna da ƙurajen fuska duk suna iya haddasa shi, kuma ya fi fitowa a kunne, ƙirji, kafaɗa da ƙeya. Ya fi samun masu baƙar fata 'yan shekara 10 zuwa 30, yana kuma bin jini a wasu gidaje, amma ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma ciwon daji ba ne.

Abin da ya fi sauƙin samu shi ne mayukan da masu talla ke yawo da su ranar kasuwa, kuma su ne ba zan ba kowa shawarar saye ba, domin man shafawa ba ya narkar da tabon da ya riga ya yi tauri. Haka nan ɗaure shi da zare, ko ƙona shi, ko kai wa wanzami ya yanke, duk sabon rauni ne da tsiron zai sake hawa a kansa, sau da yawa har ya fi na farko girma.

Man silikon ko fallensa da ake mannawa yana taimaka wa sabon tabo, sai dai ana buƙatar barinsa a jiki aƙalla awa 12 kullum na tsawon watanni, abin da ke da wuya ga mai wuni a gona cikin zufa.

A ganina, allurar tiramsinolon da ake yi a cikin tabon kansa ita ce ta fi dacewa a fara da ita, saboda tana rage ƙaiƙayi da zogi, tana kuma sa tsiron ya yi laushi ya kwanta. Tana da zafi, tana iya sa fatar wurin ta yi haske, kuma ana maimaita ta duk bayan mako 4 zuwa 6. Saboda haka wanda zai taso daga ƙauyukan Ringim ko Gaya zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ya lissafa kuɗin mota na zuwa da yawa tun kafin ya fara, domin daina allurar a tsakiya asarar abin da aka riga aka kashe ne. Kada kuma a bar mai kyamis ya yi ta, don sanin zurfin da za a soka aikin likita ne.

Tiyata ta fi tsada, kuma idan aka yi ta ita kaɗai tabon yakan dawo a mafi yawan lokuta. Babban tsiron da ke lilo a kunne yakan buƙace ta, amma kafin a amince a tambayi likita wace allura ko gashin na'urar asibiti (radiyoterafi) zai biyo bayan yankan, da kuma nawa ne kuɗinsu gaba ɗaya.