Memorin karatun ƙaddara da ake sayarwa a kasuwar Garwa

A rumfunan masu tura karatu a waya na babbar kasuwar Garwa akwai wani memori mai darussa 12 na Hausa kan dalilin da ya sa ake samun sharri da wahala a duniya. MP3 ne, har ƙaramar Itel tana buɗe shi.

Darussa 7 na farko na Musulunci ne, kuma su ne suka ci kuɗinsu. Malamin ya bi matakan ƙaddara huɗu daki-daki: ilimin Allah, rubutawa, mashi'a (nufin Allah), halitta. Ya karanto Baƙara 155 zuwa 157 kan jarrabawa da tsoro da yunwa da tauyewar dukiya, sannan ya daɗe a ƙissar Musa da Halliru a Kahfi: huda jirgin da Musa ya ga ɓarna ne, ashe tsira ce daga sarki mai ƙwace. Saɓanin mazhabobin aƙida biyu, Ash'ariyya da Mu'utazila, ma ya warware shi da adalci: Ash'ariyya suka ce Allah ke halittar aiki, bawa yana da kasabi, wato ɗaukar aikin da zaɓinsa, Mu'utazila suka ce bawa ke samar da aikinsa, don kada a jingina wa Allah zalunci.

Ɓangaren Kiristanci ya kawo zunubin asali daga Farawa 3 da Romawa 5:12, amma ya tsallake Agustin na Hippo, babban malamin Kirista da ya rasu a shekara ta 430, mai cewa sharri rashin alheri ne kamar yadda duhu yake rashin haske. A garin da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, wannan giɓi ne babba.

Darasi na 11 ya cakuɗa Hindu da Buda. Duka suna maganar karma, wato sakamakon aiki da ke bin mai shi, amma Buda ya ɗora tushen wahala kan kwaɗayin rai, kuma bai yarda da dawwamammen ruhi ba. Majusawa, mabiya tsohon addinin Farisa, mintuna kaɗan suka samu.

Sauti fa? Ƙarar fanka ta danne darasi na 4. Fayilolin kuma an sa musu 1, 2, 10 maimakon 01, 02, sai waya ta jero na 10 bayan na 1. A gyara lambobin a kwamfuta. Kafin a biya, a buɗe darasin ƙarshe a gaban mai rumfa, domin memorin jabu yakan nuna girman da ba shi da shi, fayilolin ƙarshe su ƙi buɗewa.