Ƙarin wat ko ƙarin tsayi: wanne ke kai murya ƙauye?

Malam, ka tambayi abin da zai kai muryar tashar rediyonku ta FM ƙauyuka. Tsakanin sayen taransimita (na'urar watsa shirye-shirye) mai ƙarfin wat 1000 da ɗaga eriyarku, ka ɗaga eriya. Na taɓa tsayawa a wannan mararrabar, kuma hanyar da ba ita ba na fara bi.

Wata ƙaramar tasha da na yi wa aikin injiniya, wat 300 muke da shi, eriya sanda ɗaya tal a kan turke mai mita 30. Mutanen ƙauyuka suka yi ta ƙorafi, wai sai sun hau katanga suke kama mu. Muka tattara kuɗi muka sayo mai wat 1000. A cikin gari sauti ya cika, ba laifi. Ƙauyukan kuwa suna nan da shuuu ɗinsu, ga janareta na zuƙar gas, ga ɗakin na'ura ya zama tanda sai da muka sa masa na'urar sanyaya ɗaki. Cikar sautin nan a gari, iyakar yabon da zan yi wa sabuwar na'urar ke nan.

Zangon FM ba kamar gajeren zango ba ne da ke tsallaka ƙasashe. Tafiyarsa kamar hasken tocila ce, inda ƙasa ta lanƙwasa ko dutse ya tare, nan ƙarfinsa ke karyewa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, eriya mai mita 30 tana hango wajen kilomita 22, mai mita 60 kilomita 32, mai mita 100 ta ɗan haura 40. In kuwa akwai dutse irin na Kwatarkwashi tsakaninka da mai sauraro, ko wat nawa ka zuba, na bayansa sai haƙuri.

Da muka farga, muka kai turken mita 60, muka jera eriya huɗu a kai, wadda ke tattara sigina ta tura shi gefe maimakon ya tafi sama a banza, kusan ninki huɗu na sanda ɗaya. Muka kuma cire siririn kebul ɗin da ke kai wuta daga taransimita zuwa eriya, wanda ake kira RG213. A tsayin mita 60 yana cinye fiye da rabin wutar kafin ta isa sama, alhali mai kaurin inci 7/8 abin da yake ci bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. A makon farko wani dattijo ya bugo waya a filin gaishe-gaishe, ya ce yana gona da ɗan rediyonsa rataye a reshen ɗorawa yana jin mu tar. Har sai da ya gaida matansa biyu da sunansu, mai gabatarwa na ta dariya. A lokacin fa tsohuwar wat 300 ce a kunne, babbar tana wurin gyara.

Turke yana da nasa hidimar. Sai ka nemi izinin tsayi daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ka sa jar fitila a ƙoli, ka binne wayar kariyar tsawa da kyau kafin damina. Duba lasisinku na NBC ma, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, don an ƙayyade muku ƙarfin da za ku fitar.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da dillalai. Akwai masu liƙa takardar wat 1000 a jikin na'urar da ba ta kai haka ba, da masu fente ta hannu su ce sabuwa ce dal. Kada ka biya ko sisi sai an kunna ta a gabanka da ma'aunin wat, ta yi awa guda tana aiki. Ka kuma tabbatar tana da matacin sigina, domin daga 108 MHz, inda zangon FM ya ƙare, zuwa sama zangon jiragen sama ne, in ta yi ɓarin sigina can, rufe tasha za a yi.

Canjin da ya rage ka zuba a sola da batir. Wanda ya murɗo tasharku bayan asuba ya ji shiru don gas ya ƙare, gobe wata tashar zai murɗa.