Wasiƙa Daga Berlin: Farin Bangon Jamus da Launukan Gidajenmu

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da su Inna da sauran 'yan uwa baki ɗaya, ina sanar da kai cewa hotunan ginin sun iso, kuma na yi murna ƙwarai da ganin an gama shafe, saura fenti. Allah ya sanya albarka, ya sa a shiga a sa'a. Ka ce mai fenti da yaran gida sun haɗa baki a kan a yi wa gidan fari da ruwan toka tun daga zaure har ƙuryar ɗaki, wai shi ne yayi kuma haka Turawa suke yi, sannan ka nemi in bayyana maka yadda lamarin yake a nan Jamus, da irin kayan da ake sayarwa da yadda ma'aikata suke gudanar da aiki.

Yaran ba su yi ƙarya ba. Kusan duk gidan hayar da mutum zai shiga a Berlin, farin bango zai tarar. Mafi yawan bangayen ma ba a kan siminti ake yi musu fenti ba, ana fara manna wata takarda mai kauri da ake kira Raufaser, wadda aka cusa wa ɓarɓashin katako a tsakiya, shi ya sa idan ka shafa ta da hannu za ka ji ƙuraje-ƙuraje. Wani mai haɗa magunguna, Hugo Erfurt, shi ya ƙirƙiro ta a 1864 a yankin Wuppertal, kuma har gobe ita ce suturar bangon talaka da mai matsakaicin hali, domin tana rufe tsagewa da rashin daidaiton shafe, ana kuma iya maimaita mata fenti sau da yawa. Tagogi da ƙofofin sababbin gidaje kuwa, toka mai duhu ce ta mamaye su. Sai dai abin da hotunan Instagram ba sa faɗa wa yaranmu shi ne dalilin da ya sa haka, kuma a nawa ganin dalilan ba su da alaƙa da cewa fari ya fi sauran launuka kyau ko wayewa.

Babban dalili shi ne haya. Fiye da rabin mutanen Jamus a gidan haya suke zaune, a Berlin kuwa gidajen haya sun haura kashi 80 cikin 100. Kafin a ba ka makulli za ka ajiye kuɗin jingina, wanda doka ta yarda ya kai kuɗin hayar wata 3, kuma ranar da za ka tashi, mai gida ko wakilinsa zai zagaya ɗaki-ɗaki da takarda a hannu yana duba bango, yana rubuta duk ramin ƙusa da duk tabo. Maganar launin bango ta sha zuwa gaban alƙalai har babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe. A 2008 kotun ta yanke cewa mai gida ba shi da ikon tilasta wa ɗan haya wani launi muddin yana zaune a ciki, wato idan ka ga dama ka yi wa falonka ja. Amma a 2013 aka kai ƙarar wasu 'yan haya da suka karɓi gida fari, suka yi wa wasu bangaye ja da rawaya da shuɗi masu ƙarfi, suka tashi suka bar shi haka, sai kotun ta ce dole su biya diyya, saboda sun mayar da gidan a yanayin da yawancin masu neman haya ba za su karɓa ba. Wanda ya san cewa jan bango sai an bi shi da fari shafi biyu ko uku kafin ya ɓuya, kuma kuɗin jinginarsa na hannun wani, ba zai tsaya dogon tunani ba kafin ya bar bangon yadda ya same shi. Kai kuwa, Yaya, gidanka ne na kanka, ba mai zuwa da takarda ya duba maka bango.

Dalili na biyu haske ne. A ƙarshen Disamba, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta a Berlin bai kai awa 8 ba, kuma sau da yawa gajimare ne yake rufe sama tun safe har magariba, alhali a Kano ko a wannan lokacin ana samun sama da awa 11 tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. A irin wannan duhun, farin bango yana mayar da ɗan hasken da ya shigo ta taga, ya rage wa ɗaki ƙunci, ya rage kunna fitila da rana. Wannan buƙata ce ta gaske a wurinsu, mu kuwa neman inuwa muke yi.

Sai tsadar aikin hannu. Mai fenti a nan sai ya yi shekara 3 yana koyon sana'ar, yana zuwa makaranta yana kuma bin ubangida wurin aiki, kuma ba kowa ne yake da izinin buɗe kamfanin fenti ba sai wanda ya ci jarabawar ƙwararru ko ya ɗauki mai ita. A manyan birane kuɗin awa ɗaya yakan wuce Yuro 50 idan an haɗa da haraji, har ya zama ladan aiki ya ninka kuɗin fentin kansa sau da dama. Shi ya sa yawancin mutane da kansu suke ɗaukar burushi ranar Asabar, kuma wanda ba gwani ba fari ya fi rufa masa asiri, don launi mai ƙarfi yana tona duk inda hannu ya karkace. Haka abin yake a kayan ɗaki. A babban shagon kayan ɗaki na IKEA da makamantansa za ka ga kujeru kore da rawaya an kafa su a bakin hanya don jan ido, amma abin da aka tara da yawa a rumbun ajiya fari ne da toka da launin katako, saboda mutane suna yawan ƙaura, kuma kujerar toka tana shiga kowane gida, tana kuma saurin samun mai saye idan an saka ta a shafin Kleinanzeigen na kayan hannu.

Kada kuma a ɗauka Jamusawa ba su san daɗin launi ba. Akwai wani masanin zanen gine-gine mai suna Bruno Taut da ya gina wata unguwa a Falkenberg, kudu maso gabashin Berlin, tsakanin 1913 da 1916, ya yi wa gidajen ja da rawaya da shuɗi mai kauri har da baƙi, mutane suka laƙaba mata suna unguwar akwatin fenti. Ra'ayinsa shi ne launi ado ne mai araha da ya kamata ma'aikaci ma ya samu a gidansa. A yau wannan unguwa da ta Hufeisen da ke Britz suna cikin unguwanni 6 na Berlin da hukumar UNESCO ta saka a jerin kayan tarihi na duniya a 2008. Na tsaya a gaban wani gida a can mai bango shuɗi da tagogi masu farin baki da jar ƙofa, ban ga abin da ya rage masa na mutunci ba. Ka kuma tuna cewa atamfar Holan da matanmu suke ji da ita, kamfanin Vlisco ne yake buga ta a garin Helmond, kamfanin da ya faro tun 1846, shadda Gezna kuma daga Bludenz ta ƙasar Ostiriya take fitowa. Ke nan Turai ɗin nan da kanta take rina mana launuka masu ɗaukar ido ta sayar mana da tsada. Larabawa da Turkawan Berlin ma ba su saki nasu ba, domin a shagunansu na Neukölln ana samun kujeru masu ruwan gwal da labule masu nauyi irin waɗanda ake kawowa Kano daga Turkiyya, kuma ranakun Talata da Juma'a ana baza yaduka kala-kala a kasuwar Maybachufer.

Abin da na ga ya cancanci a yi koyi da shi a nan shi ne yadda ake sayar da fentin. A manyan shagunan kayan gini irin su OBI da Hornbach da Bauhaus, akwai teburi na musamman da injin haɗa launi. Za ka zaɓi ɗan kati daga cikin ɗaruruwan da aka jera, ko ka kawo ƙyallen labulenka a ɗora shi a na'ura ta karanta launinsa, sai ma'aikacin ya buɗe bokitin farin fenti, injin ya ɗiga masa ruwan launi daidai awo, a rufe a saka a wani injin ya girgiza shi na 'yan mintoci. Daga nan sai a manna takarda a murfin mai ɗauke da lambar haɗin. Ko bayan shekara 5 ka koma da wannan lambar, launin da ka saya shi za a sake ba ka. Suna da tsarin lambobin launi na ƙasa da ake kira RAL tun 1927, wanda ya fara da launuka 40, yanzu sun haura 200, ta yadda idan ka ce wa maƙerin ƙofa a Hamburg da mai fenti a Munich RAL 9010, fari iri ɗaya za su kawo maka. Kwatanta wannan da yadda mai fentinmu yake tsiyaya kala a bokiti da ido yana juyawa da sanda, idan fenti ya ƙare a tsakiyar bango sai haɗi na biyu ya fito daban, a yi ta gardama. Ba laifin hannunsa ba ne, ma'auni ne babu.

A jikin kowane bokitin kirki kuma an rubuta daraja biyu bisa ƙa'idar Turai mai lamba EN 13300. Ta farko ƙarfin rufe bango ce, daga 1 zuwa 4, ta biyu kuma juriyar wanki, daga 1 zuwa 5, kuma a duka biyun 1 ce ta fi kyau. Bokitin lita 10 na fari mai araha yakan kama wajen Yuro 20, mai kyau kuma Yuro 50 ko fiye, amma mai arahar sai an yi shafi uku, a ƙarshe kuɗin ya tashi ɗaya ga wahala. Ana sayar da ƙananan gwangwanaye na gwaji, mutum ya shafa a gefen bango ya duba da safe, ya duba da yamma, ya duba da fitila kafin ya yanke shawara. Fentin da aka haɗa maka musamman ba a karɓarsa idan ka mayar, ragowar da ba ta bushe ba kuma ba a zuba ta a kwata, sai an kai wurin tattara shara na hukuma. Idan kuwa ka ɗauki kamfani, za su zo su auna, su ba ka farashi a rubuce tun kafin a fara, su rufe ƙasa da makunnan wuta da leda, kuma gwamnati tana rage maka kashi 20 cikin 100 na ladan aikin daga harajinka, har zuwa Yuro 1,200 a shekara, da sharaɗin ka biya ta banki.

Duk da haka akwai abin da kuke da shi wanda mu a nan muke kewa. Samun mai fenti a Berlin yakan ɗauki makonni ko watanni ana jira. Ɗinkin labule daidai tagarka ko ƙera kujera yadda kake so, aikin masu kuɗi ne. Kai kuwa za ka shiga Kantin Kwari da safe ka zaɓi yadi, tela ya zo ya auna, kafin mako ya zagayo an rataya, kafinta kuma ya yi maka kabet da gado yadda uwargida ta tsara. Wanda yake da wannan dama ba shi da hujjar takura kansa da launi biyu.

Game da gidanka, ga abin da nake gani. Fari tas a Kano ba ya daɗewa yana fari. Ƙurar hunturu ja ce, tana shiga ko an rufe taga, ga hannun yara, ga baƙi da suke jingina da bango a zaure da falo, kafin shekara ta zagayo sai ka ga layin dauɗa daidai kafaɗar mai zama. Toka mai duhu kuma tana shan zafi idan a waje take, a ciki kuwa tana ƙara wa ɗaki duhu duk lokacin da aka ɗauke wuta. Launukan da suka dace da ƙasarmu su ne waɗanda suka yi kusa da launin ƙurar kanta, wato ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske da ruwan makuba, kuma ba banza ba magina na da suka zauna a kansu, sannan suka ƙawata fuskar gida da zane. Duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Zazzau, ko ya ratsa tsohuwar unguwar Birni a Damagaram, ya san cewa kore da shuɗi da rawaya da ja suna zama wuri ɗaya ba tare da sun yi faɗa ba idan gwani ne ya jera su. Jeren ɗakin amarya ma, tun zamanin kwanukan samira da tasoshi, ilimin haɗa launi ne da iyayenmu mata suka gada, kuma yana yi mini ciwo in ga ana kiransa ƙauyanci saboda hotunan gidajen hayar wasu ƙasashe.

Saboda haka ina ba da shawara a yi wa bangon waje launi mai haske don rage zafi, a guji ja da shuɗi masu ƙarfi a ɓangaren da rana take duka kai tsaye domin suna saurin koɗewa, sai dai a ƙofa da bakin tagogi inda sabuntawa ba ta da tsada. Silin ya zama fari. A falo a yi bango uku ruwan madara, na huɗun da ke fuskantar ƙofa a ba shi launi mai kauri, kore ko shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata, sannan labule da kafet su ɗauko daga gare shi. A zaure da hanyar shiga ɗakuna a yi fenti mai sheƙi da ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma daga ƙasa zuwa tsayin ƙirji. Ɗakin uwargida kuwa a bar mata zaɓinta, ita ta san kayan da za ta jera.

Kafin a biya kuɗi, ka sa mai fentin ya shafa kowane launi a faɗin kamu biyu a bangon da za a yi wa, ku bar shi ya bushe kwana biyu ku gani, don fenti yana canja fuska bayan ya bushe. Ka nemi fentin da aka haɗa daga kamfani mai suna ko lamba a jiki, ka rubuta lambar ka adana, ka kuma sayi abin da zai isa ɗaki gaba ɗaya a lokaci guda. Zan ba wani ɗan uwa da zai taho gida katin launukan RAL ya kawo maka, domin ku riƙa nuna wa mai fenti da tela da kafinta abu ɗaya. Idan ka turo mini awon falon da ɓangaren da tagoginsa suke kallo, zan lissafa maka yawan litar da za a buƙata. A gaishe da Inna da uwargida da yara. Wassalam, ƙaninka.