Kalandar tarihi da ake sayarwa a Kasuwar Wuse

Masu sayar da littattafai a Kasuwar Wuse da ke Abuja sun kawo wata kalandar bango ta Hausa wadda ke ɗauke da taƙaitaccen bayani a ƙarƙashin ranakun da wani abin tarihi ya faru. Ranakun gida suna nan yadda ya kamata, irin su samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoban 1960 da dawo da babban birnin tarayya Abuja ranar 12 ga Disamban 1991.

Inda mai tsara ta ya yi ƙoƙari sosai shi ne shafin Janairu. A ƙarƙashin ranar 27 ya ba da labarin gobarar kumbon Apollo 1 ta 1967, wadda ta hallaka 'yan sama jannatin Amurka uku, wato Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee. Ya fayyace cewa kumbon bai ma tashi ba, gwaji ake yi a dandalin harbawa a Fulorida lokacin da wuta ta kama, kuma ya kawo dalilin da ya sa ta ci ƙarfinsu: an cika ɗakin da zallar iskar oksijin, akwai kayan nailan masu saurin kamawa, ƙofar kuma ta ciki take buɗewa, don haka matsin iska ya danne ta. Wannan bayani ya wadatar wa malamin da zai karanta wa ɗalibai.

Sai dai na tarar da ranar 24 ga Afrilu fayau, alhali a wannan rana ta shekarar 1967 ɗin ce Vladimir Komarov na Tarayyar Sobiyet ya mutu, bayan da lemar saukar kumbonsa Soyuz 1 ta ƙi buɗewa yadda ya kamata, kuma shi ne mutum na farko da ya rasa ransa a tafiyar sararin samaniya. Wanda ya tuna da Amurkawa uku bai kyautu ya manta da shi ba.

Takardar tana da kauri, amma rubutun ƙanana ne ƙwarai, dattijo sai ya matso da tabarau. Babu kuma kwanan watan Hijira, wanda rashinsa zai hana magidanta da yawa rataya ta a falo. Ta fi dacewa da aji ko ɗakin karatu.