Sharhi kan skimar tankin kifin ruwan gishiri da ƙananan kumfar da take saki

Skimar da nake magana a kanta, wato na'urar cire datti daga ruwan kifi, ita ce irin wadda ake tsugunar da ita a tankin ƙasa (tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin na sama, inda kifi suke), mai famfo da ke niƙa iska da ruwa su zama kumfa, kumfar ta kwashi dattin kifi ta zuba a kofi. Wajen wannan aiki ba ni da ƙorafi: cikin kwana uku kofin yakan tara ruwa mai duhu da wari, alamar tana cin guminta. Aibinta guda ne, tana sakin ƙananan kumfa da ke hawa tankin sama, ruwa ya yi fari-fari kamar an watsa masa gari.

A makon farko ko na biyu wannan ba abin damuwa ba ne. Sabuwar roba tana zuwa da maiƙon masana'anta, kuma sai jikinta ya yi yauƙi kafin kumfa ta natsu. Jiƙa ta a ruwan khal da aka sirka, a ɗauraye sosai kafin a saka, yana rage jiran. Ruwan gishiri ma da kansa yana ƙara wahalar, domin gishirin yana hana ƙananan kumfa haɗewa su zama manya su fashe.

Idan an wuce mako biyu abin bai daina ba, kada a yi saurin ɗora wa skima laifi. A kashe ta, a jira minti goma, a haska tocila ta gefen gilashi. In kumfar ta ɓace, ita ce. In tana nan, a dubi famfon da ke mayar da ruwa sama. Ruwa yana tafiya a tururi kullum, kuma a sashen tankin ƙasa da famfon yake ne raguwar ke bayyana. Da ya yi ƙasa za ka ga ɗan rami yana juyawa a saman bakin famfon, yana zuƙar iska. A cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri, domin gishirin bai tafi ko'ina ba, ma'aunin gishirin (nauyin ruwan idan aka kwatanta da na ruwa zalla) ya tsaya wajen 1.025. Haka nan mahaɗar bututu da ta saki ta ɓangaren zuƙa takan ja iska ba tare da ɗigon ruwa ko ɗaya ya fito ba. Wannan ita ce mai haɗari, don iskar da famfo ya matse tana narkewa cikin ruwa fiye da kima, har ta iya fito wa kifi a ido da fuffuke.

In kuwa skimar ce, zurfin zamanta ne farkon abin dubawa. Irin wannan ta fi son ruwa mai zurfin santimita 15 zuwa 20, kuma zurfin ya zauna daram. Na fi jin haushin mafitar ruwanta: gajera ce, in ta fuskanci famfo kai tsaye kumfa ba ta samun lokacin tashi. A juya ta ta kalli bango, a sa soso mai manyan ƙofofi a bakinta, a riƙa wanke shi duk mako. Gyara mai ɗorewa shi ne allunan gilashi uku a jere tsakanin skima da famfo, tazarar santimita biyu da rabi, na tsakiya a ɗage shi daga ƙasa, ruwa ya bi ta sama, ya nutsa, ya sake hawowa. Kumfa ba ta son nutsewa, a nan take tsayawa.

Maganin cire sinadarin kulorin da gam ɗin liƙa murjani suna haukata ta na 'yan kwanaki, kofi ya yi ta ambaliya. A buɗe mafitar kaɗan har ta lafa. Kumfar da ke manne wa duwatsu da yamma bayan fitila ta daɗe a kunne kuwa ba ta skima ba ce, iskar da gansakuka ke fitarwa ce, kuma rage awannin haske da abinci ne maganinta.